Kuɗin Ƙarin Lokaci: Yadda Kwamfutar Albashi Ke Yanke Wa Ma'aikaci Haƙƙinsa

LEGAS — A unguwannin masana'antu na Ikeja da Ilupeju da Apapa cikin Jihar Legas, da Ota da Agbara na Jihar Ogun, har ya zuwa Trans-Amadi a birnin Fatakwal, akwai injunan da ba a kashe su dare da rana, sai fa idan sun lalace ko an zo yi musu garambawul. Masana'antun lemo da na fulawa da na robobi, da tashoshin jiragen ruwa da asibitoci da kamfanonin masu gadi, duk sun dogara ne a kan aikin karɓa-karɓa, inda rukunin safe ke miƙa wa na yamma, na yamma kuma ya miƙa wa na dare.

A shekarun baya, lissafin wannan zirga-zirga yana hannun mutum biyu ne: tankifa, wanda ke zaune a bakin ƙofa da babban littafinsa ko katunan da ake bugawa a agogo, da kuma akawun albashi, wanda ke tattara sa'o'in a ƙarshen wata ya mai da su kuɗi. Ma'aikacin da ya ga albashinsa bai cika ba ya san ofishin da zai nufa, ya kuma san fuskar wanda zai kai wa kuka. A halin da ake ciki kuwa, a kamfanoni da yawa, na'urar dangwala yatsa ta gaji tankifa, manhajar lissafin albashi kuma ta ɗauke mafi yawan aikin akawu. Wasu na amfani da manhajojin ƙetare irin su SAP da Oracle da Sage, wasu kuma sun rungumi na gida kamar HumanManager ta kamfanin SystemSpecs da kuma SeamlessHR.

Babu shakka wannan sauyi ya kawo sauƙi. Aikin da kan ci wa akawu biyar mako guda, yanzu ana gama shi kafin a tashi cin abincin rana, an kuma rage buga wa aboki kati da cusa sunayen ma'aikatan bogi. Sai dai manhajar ba ta zuwa da sanin sa'a nawa ce aikin yini a wata masana'anta, ko nawa ne farashin sa'ar da aka ƙara a kai. Mutum ne ke gaya mata, a ranar da ake kafa ta, ta hanyar cike wasu gurabe. Abin da aka zuba a waɗannan gurabe shi ne za ta riƙa maimaitawa a kan ɗaruruwan ma'aikata, wata bayan wata, ba tare da an sake tambayarta ba. Sau tari kuwa, masu cike guraben su ne ma'aikacin kamfanin da ya sayar da manhajar da wani jami'in ofishin kuɗi, babu foman kuma babu wakilin ƙungiyar ƙwadago a wurin.

Abin da doka ta faɗa da wanda ta bari

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 21 ta shekarar 1974, ta yi magana a kan lokutan aiki a sashe na 13. Ta ce lokacin aiki na yau da kullum shi ne wanda aka tsayar ta hanyar amincewar juna tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa, ko ta hanyar yarjejeniyar bai ɗaya da ƙungiyar ma'aikata, ko kuma ta hannun hukumar tsayar da lada a inda babu irin wannan tsari. Duk sa'ar da ta haura wannan ita ce ƙarin lokaci, abin da ma'aikata ke kira obataim. Har ila yau, sashen ya wajabta hutun da jimlarsa ba ta gaza sa'a guda ba ga wanda ya yi aikin sa'a 6 ko fiye a yini, da kuma hutun sa'a 24 a jere cikin kowane kwana 7. Idan aka ci wa ma'aikaci wannan hutu na mako, to ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi a kan farashin ƙarin lokaci.

Abin lura a nan shi ne dokar ba ta ambaci sa'a 40 ko 48 a mako ba, ba ta kuma faɗi ko ninki nawa za a biya ba. Biyan ɗaya da rabi a ranakun aiki, da ninki biyu a ranar Lahadi da ranakun hutu, wanda ma'aikata da yawa suka ɗauka doka ce, al'ada ce da ta samo tushe daga yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla da masu masana'antu. Inda babu ƙungiya, kuma takardar ɗaukar aiki ta yi shiru, ma'aikaci ba shi da wani adadi da zai riƙe.

A wasu ƙasashe lamarin ya sha bamban. Dokar Amurka ta 1938 ta tanadi ɗaya da rabi, kuma tun 1940 ma'aunin shi ne duk abin da ya haura sa'a 40 a mako. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ta tsayar da sa'a 8 a yini da 48 a mako ga masana'antu, ta kuma ce kuɗin ƙarin lokaci kada ya gaza ɗaya da kwata. Muhimmancin wannan ga kamfanin da ke Ota ko Aba shi ne, manhajar da aka ƙera a ƙetare takan zo da misalan ƙa'idojin ƙasar da aka ƙera ta, kuma mai gaggawa yakan bar su yadda ya same su. Ta haka masana'antar da yarjejeniyarta ta ce a lissafa ƙarin lokaci yini-yini za ta wayi gari kwamfutarta na lissafawa mako-mako. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mutumin da ya yi sa'a 12 ranar Litinin, sannan rashin lafiya ta hana shi zuwa ranar Juma'a, yana da ƙarin sa'a 4 a lissafin yini. A lissafin mako kuwa jimlarsa sa'a 36 ce, saboda haka ba shi da ko sisi.

Bugu da ƙari, dokar ba ta rufe kowa ba. Ma'anar "ma'aikaci" a sashe na 91 ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawuna, ta ware masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na ƙwararru. Don haka manhajoji ke da gurbin da ake nuna wanda ya cancanci kuɗin ƙarin lokaci da wanda bai cancanta ba. An sha ganin ƙarin girman da ya zame wa mutum asara: an ɗaga shi zuwa mai duba aiki, an ƙara masa 'yan kuɗi kaɗan a kan albashi, amma an cire shi daga layin obataim, alhali yana kwana a masana'anta kamar da.

Nawa ne farashin sa'a guda?

Daga cikin dukkan guraben da ake cikewa, babu wanda ya kai wannan tasiri a aljihun ma'aikaci, kuma babu wanda aka fi yin shiru a kansa. Mafi yawan ma'aikata albashin wata suke karɓa, ƙarin lokaci kuwa da sa'a ake biyansa. Tilas ke nan a raba albashin watan da wani adadi na sa'o'i kafin a san kuɗin sa'a ɗaya.

A ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato N70,000, wanda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa dokarsa hannu a watan Yulin 2024 a madadin N30,000 na 2019. Idan aka ɗauka wata yana da ranakun aiki 22 masu sa'a 8, an sami sa'a 176, kuma kowace sa'a ta kama kimanin N398. Idan aka ce ranaku 26 ne, kamar yadda masu aiki har da Asabar ke yi, sa'o'in sun zama 208, farashin ya sauko zuwa kimanin N337. Wanda kuwa ya raba da kwana 30, har da ranakun da ba a zuwa aiki, ya sami sa'a 240 da farashin da bai kai N292 ba.

To a ce ma'aikaci ya yi ƙarin sa'a 20 a wata, a kan ɗaya da rabi. A lissafin farko zai karɓi kimanin N11,932, a na biyu N10,096, a na uku kuwa N8,750. Aiki ɗaya, gumi ɗaya, albashi ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta haura N3,100. A masana'anta mai ma'aikata 500, wannan ya doshi Naira miliyan 1.6 a wata, sama da miliyan 19 a shekara, duk daga lamba guda da wani ya buga a gurbi guda.

Akwai kuma tambaya ta biyu da ke biye da ita: wane kuɗi ake rabawa? Albashi a Najeriya kashi-kashi yake zuwa, akwai tsagwaron albashi, akwai alawus na gida da na sufuri da na abinci da sauransu. Idan tsagwaron ya kasance kashi 40 cikin 100 na jimlar N70,000, wato N28,000, kuma a kansa kaɗai aka ɗora lissafin, to waccan sa'a 20 ba za ta kawo fiye da N4,773 ba ko da an raba da 176. Ba laifi ba ne a ɗora lissafi a kan tsagwaron albashi idan haka aka yi yarjejeniya, kuma yarjejeniyoyi da dama haka suka tanada. Inda gizo ke saƙa shi ne a bar takardar yarjejeniya ta ce "ɗaya da rabi" kawai, ba tare da ta faɗi ɗaya da rabin mene ne ba. Shugabannin ƙwadago kan shafe kwanaki suna ja-in-ja a kan ninki, su fito suna murna, alhali an bar wa mai kafa manhaja ya zaɓi abin da za a ninka.

Rukuni uku ko huɗu

Mako yana da sa'a 168. Masana'antar da ke son injinta ya yi ta juyawa ba tsayawa, ta kuma raba ma'aikatanta rukuni uku, ta ɗora wa kowane rukuni sa'a 56 a mako ke nan. Idan rukuni huɗu ne, rabon kowa ya zama sa'a 42. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu masu tsari kan yi karɓa uku, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 2 na rana, daga 2 zuwa 10 na dare, daga 10 zuwa 6 na safe, amma da rukuni huɗu, domin a kowane lokaci ɗaya na hutawa. Ko a hakan ma, idan lokacin aikin da aka amince da shi sa'a 40 ne, akwai sa'a 2 a kowane mako da jadawalin da kansa ya haifar, kuma wajibi ne a gaya wa manhaja ko za a biya su a matsayin ƙarin lokaci ko an riga an shigar da su cikin alawus na karɓa-karɓa.

Irin wannan lissafi ya shafi ma'aikatan haƙar man fetur a yankin Neja Delta, inda aka saba da tsarin mako biyu a bakin aiki, mako biyu a gida. Kwana 14 masu sa'a 12 sun ba da sa'a 168 cikin kwana 28, wato 42 a mako idan aka baje. Manhajar da aka bar ta a kan lissafin mako-mako za ta ga sa'a 84 a mako ɗaya da sifili a wani, ta biya ƙarin da ba a yi yarjejeniyarsa ba, ko kuma ta rubuta mutum a matsayin wanda ya yi fashin aiki alhali yana hutunsa na halal.

A can ƙasan tsani kuwa akwai masu gadi, waɗanda da yawansu a Legas da Badun da Fatakwal 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. Tsarin da aka fi sani a wannan sana'a shi ne karɓa biyu masu sa'a 12. Mai gadin da ya yi kwana 6 a haka ya yi sa'a 72 a mako. Idan aka auna shi da ma'aunin 48, yana bin sa'a 24 kowane mako. Amma idan a ranar kafa manhaja an rubuta cewa yinin aikinsa na yau da kullum sa'a 12 ne, to a idon kwamfuta bai taɓa yin ƙarin lokaci ba, kuma takardar albashinsa za ta fito tsaf babu kuskure ko ɗaya. Yawancin waɗannan mutane ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukar su, don haka bankin ko masana'antar da suke tsaron ƙofarta ba ta ma ganin sunayensu a nata lissafin. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Tsakar dare da ganin wata

Wata matsala da tankifan da ke warwarewa da hankalinsa ita ce ta aikin da ya tsallaka tsakar dare. Wanda ya shiga ƙarfe 10 na daren Asabar ya fita 6 na safiyar Lahadi ya yi sa'a 2 a Asabar da sa'a 6 a Lahadi. Shin aikin Asabar ne tunda a cikinta ya fara, ko na Lahadi ne tunda a cikinta ya fi yawa, ko kuwa za a raba? Manhajoji na ba da zaɓin duka ukun. Kowanne aka ɗauka akwai mai riba da mai asara, domin wanda ya shiga daren Lahadi ya fita safiyar Litinin lamarinsa kishiyar na farko ne. Abin da ba ya halatta shi ne a bi ƙa'ida ɗaya ranar Asabar, a bi wata ranar Lahadi, ta yadda kullum kamfani ke cin riba. Haka nan dole a tsayar da abin da zai faru idan dalilai biyu suka haɗu, misali aikin dare a ranar hutu kuma bayan cikar lokaci: a haɗa ninkin duka, ko a ɗauki mafi girma kawai.

Ita kanta kalmar "dare" tana buƙatar iyaka. Sashe na 55 na Dokar Ƙwadago, wanda ya hana sa mata aikin dare a masana'antu in ban da ma'aikatan jinya da masu muƙaman gudanarwa, ya ɗauki dare a matsayin aƙalla sa'a 11 a jere da suka ƙunshi tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba. Sashen ya daɗe yana shan suka a kan cewa ya zama tsohon yayi kuma yana tauye wa mata damar aiki. Yarjejeniyoyin kamfanoni kuwa kan tsayar da nasu lokacin da alawus na dare ke farawa, kuma shi ne ya kamata a zuba a manhaja.

Sai batun kalandar hutu, wanda a Najeriya ba ya yiwuwa a cike shi sau ɗaya a manta. Ranar 1 ga Janairu da 1 ga Mayu da 1 ga Oktoba da Kirsimeti sanannu ne. Amma ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni tun 2019, kuma hutun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi sai Ministan Harkokin Cikin Gida ya sanar, bisa la'akari da ganin wata. A watan Afrilun 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutun Ƙaramar Sallah, daga baya ta ƙara da Alhamis 11 ga wata bayan da azumi ya cika 30. Duk kamfanin da bai koma ya gyara kalandar manhajarsa ba, ya biya waɗanda suka yi aiki a ranar Alhamis ɗin kuɗin ranar aiki zalla. Ga kuma hutun da gwamnatocin jihohi ke bayarwa nasu na kansu, wanda ke nufin kamfani mai rassa a Legas da Kano da Inugu na buƙatar kalanda fiye da ɗaya.

'Yan mintunan da ke zubewa

Na'urar dangwala yatsa tana rubuta lokaci har zuwa daƙiƙa, amma ba kasafai ake biya a haka ba. Akan umarci manhaja ta dunƙule lokaci zuwa kwatar sa'a ko rabin sa'a. Idan dunƙulewar na tafiya gaba da baya daidai wa daida, babu wanda ya cutu a ƙarshen wata. Idan kuwa an saita ta ta tura mai latti na minti 3 zuwa minti 15, ta kuma share minti 14 na wanda ya tsaya bayan tashi, to awon ya karkata. Minti 10 a yini cikin kwana 22 sun zama sa'a 3 da minti 40 a wata, sa'a 44 a shekara, fiye da aikin mako guda. Mafi yawan waɗannan mintuna kuwa a wajen miƙa aiki suke tafiya, lokacin da mai fita ke nuna wa mai shiga halin da inji yake ciki, ko yake jiran wanda cunkoson hanyar Apapa ko ta Legas zuwa Abekuta ya riƙe.

Haka abin yake ga hutun cin abinci. Manhajoji da yawa na cire sa'a guda kai tsaye daga kowane yini, ko an huta ko ba a huta ba. Ga ma'aikacin ofis wannan daidai ne. Ga mai kula da tukunyar tururi da ba shi da mai karɓarsa, wanda ke cin abincinsa a tsaye idonsa na kan ma'auni, sa'a ce da ya yi wa kamfani kyauta.

A gefe guda, masu masana'antu ma suna da nasu kukan, kuma kuka ne mai tushe. An san yadda wasu ma'aikata ke jan ƙafa da rana domin aiki ya kai su dare, da yadda wasu fomanoni ke raba obataim ga 'yan gaban goshinsu. Saboda haka ake saita manhaja ta ƙi biyan duk ƙarin da mai duba aiki bai amince da shi ba. Matakin yana da ma'ana, muddin akwai hanyar da ma'aikaci zai ga sa'o'in da aka ƙi amincewa da su da kuma dalili. In ba haka ba, mantuwar foman guda a ranar rufe lissafi, wadda a kamfanoni da dama takan faɗo kwanaki kafin ƙarshen wata, ta isa ta jefa kuɗin mutum zuwa wata mai zuwa ko ta ɓatar da su ɗungurungum.

Haraji, fansho da ariyas

Kuɗin ƙarin lokaci ba ya tsira daga haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita, ta yafe N800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, sannan ta ɗora kashi 15 cikin 100 a kan Naira miliyan 2.2 da ke biye. Ƙananan ma'aikata da yawa suna daf da wannan iyaka, ta yadda obataim ne ke tsallakar da su. Idan manhaja ta ɗauki kuɗin watan da aka yi aiki da yawa, kamar gabanin Sallah ko Kirsimeti, ta ninka shi sau 12 tamkar haka za a riƙa samu duk shekara, za ta yanke harajin da ya wuce kima, sai fa idan an saita ta ta riƙa daidaita lissafin a watannin da ke biye.

Fansho kuma akasin haka ne a mafi yawan wurare. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 8 a kan ma'aikaci da kashi 10 a kan mai ɗaukarsa, bisa kuɗin da bai gaza tsagwaron albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Ƙarin lokaci ba ya cikin waɗannan uku, sai idan takardar ɗaukar aiki ta shigar da shi. Ma'aikacin da rabin abin da yake kai wa gida obataim ne, ya kamata ya san cewa asusun fanshonsa bai san da wannan rabin ba.

Idan aka yi ƙarin albashi aka kuma mayar da ranar farawa baya, kamar yadda aka saba, farashin sa'a ma ya tashi tun daga waccan rana. Ariyas na gaskiya ya haɗa da cikon kuɗin ƙarin lokacin da aka biya a tsohon farashi, abin da sau da yawa ake tsallakewa. Idan kuwa kuskuren ya faɗa ta ɗaya ɓangaren, kamfani ya biya fiye da kima, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita abin da za a iya cirowa ga rarar da aka biya cikin wata 3 kafin watan da aka gano ta, kuma jimlar abin da ake yankewa a wata kada ta wuce sulusin albashi.

Darasi daga gwamnati

Gwamnatin Tarayya ta ɗanɗana irin wannan matsala a babban sikeli. Tsarin albashin bai ɗaya na IPPIS, wanda aka fara a 2007 da ma'aikatu da hukumomi 7 da tallafin Bankin Duniya, ya taimaka wajen tono ma'aikatan bogi. Amma an gina shi ne da siffar ma'aikacin ofis mai zuwa da safe ya tashi da yamma. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana cewa bai dace da yanayin aikin jami'a ba, batun ya kuma kasance cikin dalilan yajin aikin wata 8 na 2022, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da cire manyan makarantu daga tsarin a watan Disambar 2023. Ma'aikatan lafiya, waɗanda alawus na karɓa-karɓa da na kwanan asibiti ke da babban kaso a albashinsu, su ma sun sha kokawa a kan kuɗaɗen da ba su fito ba.

Ga kamfanoni masu zaman kansu, wurin da irin wannan taƙaddama ke ƙarewa shi ne Kotun Masana'antu ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in ƙwadago ita kaɗai, tare da ikon duba kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. A gaban kotu takarda ce ke magana. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa, har da lokutan aiki da yadda ake lissafa ladansa, cikin wata 3 da fara aiki, sashe na 75 kuma ya wajabta adana bayanan albashi na shekara 3. Bayanan na'urar dangwala yatsa takobi ne mai kaifi biyu: suna kare kamfani daga da'awar ƙarya, suna kuma nuna ainihin lokacin da mutum ya fita ko da manhaja ta share shi. Zanen yatsa da hoton fuska kuwa na cikin bayanan da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kariya ta musamman, don haka adana su ma yana da sharuɗɗa.

Kamfanonin da suka ƙware a wannan fanni ba sa sakin sabuwar manhaja rana ɗaya. Sukan gudanar da tsohon lissafi da sabo kafaɗa da kafaɗa na wata biyu ko uku, su zaɓo ma'aikata daga kowane rukuni, mai aikin dare da wanda ya yi aiki ranar Sallah da wanda ya yi musanyen karɓa da abokinsa domin Masallacin Juma'a ko coci, su lissafa nasu da hannu a gaban foman da wakilin ƙungiya, sannan su gwada da abin da kwamfuta ta fitar. Daga nan sai a tsara takardar albashi ta riƙa nuna adadin sa'o'in ƙari, da farashin sa'a, da ninkin da aka yi amfani da shi, kowanne a layinsa, maimakon dunƙulallen adadi guda a gaban kalmar obataim. Manhajojin da ke kasuwa suna iya buga wannan bayani. Gurbi ne shi ma, wanda sai an kunna shi yake fitowa.